Yadda ake sa rubutun fostar dambe ya fito kamar ya sha rana

Masu yawan tambayata yadda nake sa haruffa su fito a goge, kamar fentin da damina ta cinye, ga hanyar. Ko da manhajar gyaran hoto ta PicsArt a waya ana yi.

1. Ɗauki hoton tsohon bangon ƙasa mai tsagewa, kusa-kusa. A lungunan wajen hasumiyar Gobarau a Katsina ba a rasawa. Da safe ya fi, hasken gefe ne ke fito da tsagar.
2. Mai da hoton baƙi da fari.
3. Juya launin, tsagar ta koma fari, bangon ya koma baƙi.
4. Buɗe farin shafi.
5. Rubuta kanun da baƙi, da haruffa masu kauri irin Anton ko Impact. Sirara ba sa jure wannan aiki.
6. Duba ƙ, ɗ da ɓ. Hattara: salon haruffa da yawa ba su da su, sai ka ga akwati ko wani harafi daban a tsakiyar kalma. In babu, zana ƙugiyar da hannu.
7. Ɗora hoton bangon a kan rubutun.
8. Zaɓi Screen a wajen haɗa hotuna, shi ne zai ɓoye baƙin bangon ya bar farar tsagar a kan haruffan.
9. Rage ƙarfin hoton bangon in tsagar ta cinye harafi. A nan mutane ke wuce gona da iri.
10. Rana, wuri da kuɗin shiga ka bar su da tsabtataccen rubutu.
11. Buga gwaji a A4, ka karanta daga nesa kafin ka kai wa mai buga fosta.