Yadda Ake Ɗaukar Hoton Kayan Lambu da Waya

Da farko ka yi sammako. Ranar Sakkwato in ta take, wanke launin tumatir take yi a hoto, don haka ka gama kafin ƙarfe 9, ko ka jira la'asar. Goge idon kyamara, musamman da ƙurar hunturu.

Yayyafa wa latas da tattasai ruwa kaɗan su yi sheƙi. Albasa kuwa bar ta a bushe, jan ɓawon nan shi ne kyanta. Jera su kan faifai a inuwa, kashe filashi, ka tsuguna daidai da kayan, sannan ka taɓa allo inda kake so ya fito tar.

In a kasuwar kayan gwari ta Ramin Kura da ke Sakkwato ne, fara gaisawa da mai kaya ka nemi izini.