Darasi na Tara: Neman Lambar Fentin Motar A-kori-kura da Amfani da Ita

Duk motar da ta fito daga kamfani tana da lambar launinta, kuma da wannan lambar ce mai haɗa fenti yake auna abin da zai zuba a gwangwani har launin ya zo daidai da na jikin motar. Idan kuka ce masa ya ba ku fari kawai, zai ba ku fari, amma fari kala-kala ne, kuma idan aka fesa wanda bai dace ba a ƙofa ɗaya, ko daga nesa za a ga bambancin. Za mu koyi wannan darasi da Toyota Hilux, domin ita ce a-kori-kurar da yawancinku suke tuƙawa ko suke gyarawa.

Inda lambar take

Ku buɗe ƙofar direba, ku tsuguna, ku dubi ginshiƙin ƙarfen da ƙofar take rufewa a kansa, za ku ga wata takarda manne, cike da ƙananan haruffa da lambobi. Idan babu ita a nan, ku duba ɗaya ƙofar, idan ma babu, ku ɗaga bonet ku dubi bangon ƙarfen da ya raba inji da mazaunin direba, domin a tsofaffin motoci ana rubuta bayanin a kan ƙaramin farantin ƙarfe. Idan ƙura da baƙin mai sun rufe rubutun, ku goge a hankali da jiƙaƙƙen tsumma da ɗan sabulu. Kada ku kankare da wuƙa.

Yadda ake karanta ta

A nan ne ake yawan tuntuɓe, saboda haka ku natsu, babu gaggawa. Ku ɗora yatsa a kan takardar, ku bi ta layi bayan layi har ku ga waɗannan haruffa: C/TR. Harafin C na launin waje ne, TR kuma na kayan ciki ne, wato kujeru da shimfiɗa. A gabansu za ku ga rubutu kamar haka: 040/FB20. Ku lura da siririyar sandar da ta jingina a tsakiya. Alamomi uku da suke kafin sandar, su ne lambar fenti. Abin da ya zo bayan sandar ba namu ba ne.

Mu sake. Yatsa a kan C/TR, sai ku matsa dama, ku ƙirga alamomi uku, ku tsaya da kun isa sandar. A misalinmu sifili ne, huɗu, sifili. Idan kun kwafi alamomi huɗu, na kujeru kuka kwafa, ku goge ku sake, ba abin kunya ba ne. Idan kuma kun kwafi doguwar lamba mai alamomi 17, to lambar shasi ce, kuma ba ta gaya wa mai fenti launin da zai haɗa ba.

Wani lokaci alamomin ukun sukan haɗa da harafi, kamar 1D6, wanda launin azurfa ne. Alamar farko a cikin ukun tana taimakawa wajen gane kuskure, domin a tsarin Toyota fararen launuka suna farawa da 0, azurfa da ruwan toka da 1, baƙi da 2, ja da 3, shuɗi kuma da 8. Idan motarku baƙa ce, kuna iya ganin 202. Ku kula sosai da 040 da 070, domin dukansu farare ne, amma 070 fari ne mai ƙyalƙyali da ake fesawa hawa uku, kuma ya fi tsada.

Duk da wannan bayani, har yanzu akwai masu zuwa aji da lambar kujeru a littafinsu, wasu kuma su ce sun haddace, ba sai sun rubuta ba. Wannan sakaci ne, kuma kuɗinku ne zai tafi a banza. Uku ne, kafin sandar suke, kuma a rubuce nake son ganinsu, sifili ya fito a sifilinsa, ba harafin O ba.

Wurin mai haɗa fenti

Ku ba shi lambar tare da sunan kamfanin motar, domin kowane kamfani da tsarinsa. Rana tana koɗar da fenti, kuma wata motar an taɓa sauya mata launi kafin ku saye ta, don haka ku kunce murfin tankin mai na waje ku tafi da shi a kwatanta. A fara fesa kaɗan a kan guntun kwano, a bari ya bushe, a kara shi da jikin motar a hasken rana.

Ƙaramin ƙarzo

A wanke wurin, a bari ya bushe, a cire tsatsa, sannan a shafa fenti kaɗan-kaɗan da siririn buroshi.

Aikin gida

Kowa ya nemo Hilux biyu, da izinin masu su, ya rubuto lambar fentin kowacce.