Yadda Za A Ji Ra'ayin Jama'a Kan Rajistar Manhajar Haɗin Gwiwa

Manhajar haɗin gwiwa da ake buɗewa ta intanet, wato wadda abokan aiki ke musayar saƙonni da raba ayyuka a cikinta, irin su Slack, Trello ko Microsoft Teams, ba ta tsinana wa mutum komai muddin shi kaɗai ne a ciki. Amfaninta yana farawa ne ranar da abokan aiki suka hallara, shi ya sa cikas a wajen rajista ya fi yi mata illa fiye da sauran manhajoji. Idan ma'aikata goma ne a wani biro a Yamai, bakwai suka shiga, uku suka maƙale a hanya, shugabansu zai ci gaba da aika saƙonni a rukunin WhatsApp domin kowa ya gani, kuma kafin wata ya ƙare bakwai ɗin ma sun koma can. Saboda haka duk wanda ya ƙera irin wannan manhaja, ko aka ɗora masa nauyin kawo ta ma'aikata, dole ne ya san inda mutane suke tsayawa, kuma ba zai san hakan daga bakin waɗanda suka shiga lami lafiya ba.

Abu na farko shi ne a raba masu rajista gida biyu. Akwai wanda ya buɗe wa ƙungiyarsa wuri a manhajar, wanda galibi shi ya nemo ta, yana da kwamfuta, yana da haƙurin cike gurabe. Akwai kuma wanda aka aiko wa gayyata, wanda bai roƙi kowa ba, wataƙila ma saƙon ya same shi a kan hanyar Tawa da waya mai ƙaramin caji. Na farkon ne yake rubuto ra'ayi, shi yake halartar taro, shi masu manhaja suka sani. Na biyun ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma idan abin ya ƙi, ba ya kai ƙara ga kowa, ajiye wayar kawai yake yi. Ku ba shi kaso mafi girma na lokacinku.

Kafin ku tambayi kowa komai, ku ƙirga. Ku rubuta matakan rajistar ɗaya bayan ɗaya yadda suke a zahiri: buɗe gayyata, shigar da lambar waya ko adireshin imel, karɓar lambar tabbatarwa, zaɓen kalmar sirri, rubuta suna, sannan aikin farko a cikin manhajar, misali amsa saƙo ko karɓar wani aiki. Ku sa manhajar ta riƙa adana adadin waɗanda suka iso kowane mataki. A ce mutum 100 suka buɗe gayyata, 85 suka shigar da lamba, amma 50 kawai suka wuce tabbatarwa. Kun san inda za ku zuba ido ke nan, ko da yake ƙidayar ba za ta faɗa muku dalili ba. Ku raba ƙidayar tsakanin waya da kwamfuta, kuma idan da hali tsakanin kamfanonin sadarwa, domin saƙon da ya isa nan take a layin Airtel yana iya jinkiri a na Moov, Zamani ko Niger Telecoms, ko akasin haka, gwargwadon hanyar da mai aiko muku da saƙonnin yake bi.

Dalilin kuwa sai an zauna da mutum. Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da manhajoji, ya bayyana a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar yana fito da kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin, kuma gara a yi ƙananan gwaje-gwaje sau da yawa da a yi babba sau ɗaya. Sharaɗin shi ne mutanen su zama iri ɗaya, don haka ku nemi biyar daga masu buɗe wuri, biyar daga masu karɓar gayyata. Kada ku ɗauko abokanku masu rubuta manhaja ko ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Abdou Moumouni, sai fa idan su ne ainihin waɗanda kuka yi manhajar dominsu. Ku nemi sakatariyar ƙungiyar mata, ma'ajin ƙungiyar manoman albasa da ke kai kaya daga Galmi, malamin makaranta, jami'in ƙungiya mai zaman kanta da ke yawan fita karkara. Ku biya musu kuɗin taksi ko kabu-kabu, ku saka musu kiredi, amma ku bar su su yi da wayarsu da nasu rezo. Wifi na biro yana ɓoye rabin matsalolin.

Yadda za a tafiyar da zaman shi ne wurin da aka fi yin kuskure. Mutumin da kuka gayyato, kuka shimfiɗa masa tabarma ko kuka ba shi kujera, kuka kawo masa shayi, ba zai dubi idonku ya ce aikinku bai yi ba. Idan kuka tambaye shi yaya ya gani, zai ce madalla, Allah ya ƙara basira, ko da ya sha wuya kafin ya shiga. Wannan kara ce, ba ƙarya ba, kuma tambayar ce ba ta dace ba. Ku fara da kwantar masa da hankali: “Hajiya, ba ku muke jarrabawa ba, manhajar muke jarrabawa. Duk inda kuka tsaya, laifinmu ne, kuma shi muke son gani.” Sannan ku ba ta aiki na gaske: “Shugabarku ta aiko muku da wannan gayyata, ku shiga ku amsa mata.” Ku roƙe ta ta riƙa faɗin abin da ke ranta da ƙarfi yayin da take yi, a harshen da ya fi mata sauƙi, Hausa ne, Zabarmanci ne ko Faransanci. Daga nan ku kama bakinku. Idan ta juyo ta ce, “Malam, nan zan taɓa?” ku amsa da cewa, “Me kuke tsammanin zai faru idan kun taɓa?” Mutum ɗaya ya yi magana da ita, na biyu ya zauna gefe yana rubutu, kuma zai fi kyau a ce wanda ya ƙera shafin shi ne mai rubutun, domin hannunsa zai yi ta ƙaiƙayin nuna mata hanya.

Ku dubi yatsa fiye da baki. Za ku ga ta shigar da lambarta, shafin ya ce an aiko da lambar tabbatarwa, ta jira, ta fita zuwa wurin saƙonni, ta karanta lambobin shida tana maimaita su a hankali kada ta manta, ta dawo, sai ta tarar shafin ya sake buɗewa daga farko kuma duk abin da ta rubuta ya goge. Wannan yana faruwa ne a wayoyin Android masu ƙaramar ƙwaƙwalwa, waɗanda ke rufe shafin da aka bari a baya don su sami wurin buɗe wani abu. Ita ba za ta taɓa ba ku wannan bayani ba, abin da za ta ce shi ne, “Rezo ne babu kyau yau.” Ku rubuta abin da ta faɗa kalma da kalma, a gefensa ku rubuta abin da idonku ya gani, kada ku cakuɗa su. Maganin a nan shi ne shafin ya riƙa tuna matakin da mutum ya tsaya, lambar tabbatarwa ta daɗe kafin ta mutu, kuma a ga maɓallin sake aikowa a fili.

Adireshin imel wani babban shinge ne. Manhajojin da aka ƙera a Amurka da Turai suna ɗauka kowane ma'aikaci yana buɗe akwatin imel kullum, alhali a nan mutane da yawa mai shagon waya ne ya buɗe musu Gmail ranar da suka sayi wayar, ba su san kalmar sirrinsa ba, wasu ma ba su san adireshin ba. Idan gwajinku ya nuna haka, ku ba da damar shiga da lambar waya, tunda da ita kowa ya shiga WhatsApp kuma ya saba. Sai dai ku kula da gurbin lambar: lambobin Nijar takwas ne, mutane sun saba rubuta su bibbiyu da tazara a tsakani, wani ya sa 227 a gaba, wani ya sa 00227, wani bai sa komai ba. Manhajar ce ya kamata ta gyara wannan da kanta, ba ta jefo jan rubutu ba. Haka kuma idan kun sa maɓallin shiga da asusun Google, ku gwada buɗe gayyatar daga cikin wasu manhajoji irin su Facebook, domin Google yana hana shiga daga shafin da aka buɗe a cikin wata manhaja.

Gurbin suna da na kalmar sirri ba sa buƙatar dogon bayani. Ku gwada ko gurbin yana karɓar ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, da kuma sunaye irin su Asma'u da Sa'idu. Kuma gurbi ɗaya na cikakken suna ya fi biyu sauƙi ga mutanen da sunansu na biyu sunan mahaifi ne. Game da kalmar sirri, hukumar NIST ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin fasaha, ta ba da shawara tun 2017 cewa a daina tilasta cakuɗa manyan haruffa da alamomi, a fifita tsawo. Ku tuna cewa a allon rubutu na Faransa da ke yawancin birorinmu sai an danne wani maɓalli kafin lambobi su fito, don haka ku bar mutum ya ga abin da yake rubutawa idan ya so.

Saura waɗanda suka fara suka bari, kuma ra'ayinsu ya fi na kowa daraja. Takardar tambayoyi ba za ta same su ba, tunda ba su shiga ba balle su gan ta. Hanya mafi sauƙi ita ce ta wanda ya gayyace su: ku nemi shugaban ƙungiyar ya yi muku iso, sannan ku kira ko ku aika saƙon murya gajere da tambaya guda, “A ina kuka tsaya, me kuka gani a wurin?” Ku karɓi amsa da murya ko da hoton fuskar waya, domin wanda ba zai rubuta layi biyu ba zai iya yi muku bayanin minti uku. Kada ku kira lambar da aka shigar a shafin ba tare da an sanar da mai ita tun farko cewa za a iya tuntuɓarsa ba. Nijar tana da dokar kare bayanan mutum tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kanta, kuma ko ɗaukar murya ko hoto a lokacin gwaji sai da yardar mutum.

Batun harshe zai taso ko ba ku tayar da shi ba. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, amma wannan bai nuna cewa kowane mai jin Hausa ya saba karanta ta a waya ba. Da yawa a makarantar boko da Faransanci suka koyi karatu. Kada ku yanke hukunci a biro. Ku nuna wa masu gwajin shafin a harsunan biyu, ku ga wanne suka fi saurin wucewa.

Idan kun tattara komai, ku jera matsalolin bisa tambayoyi biyu: mutum nawa ta kama, kuma ta hana su shiga ne ko ta ɓata musu rai kawai? Matsalar da ta tsayar da mutum biyu cikin biyar ta fi ƙorafin launi da mutum biyar suka yi. Ku yi hattara da shawarwarin da mutane ke bayarwa, domin mai cewa a ƙara shafin bayani a farko yana nufin wani gurbi ne bai fahimta ba, kuma gyaran gurbin ya fi ƙarin shafi. Ku tambayi kanku game da kowane gurbi ko za a iya jinkirta shi zuwa bayan mutum ya shiga. Hoto, muƙami da sunan sashe duk suna iya jira. Ku gyara abu ɗaya ko biyu a lokaci guda, ku bar ƙidayar ta yi mako biyu, ku kwatanta ta da ta baya, sannan ku kira sababbin mutum biyar waɗanda ba su taɓa ganin shafin ba.