Yadda nake jan ɗana a amalanken keke

Wani mai walda a Ringim ne ya haɗa mini ɗan amalanken, da tayoyin keken yara biyu da rumfar tamfol. A ciki nake kai ɗana gidan kakarsa da kasuwa, yanzu shekararsa 3.

Kada ka sa yaron da wuyansa bai yi ƙwari ba, bari ya shekara tukuna. A ɗaura amalanken ƙasa-ƙasa, a gindin tayar baya, ka ƙara igiya ko da ƙarfen zai kwance. Shimfiɗa masa ɗan bargo, ka ɗaure shi da bel a ƙugu da kafaɗa, ga hular kwano daidai kansa.

Kafin ka ɗauki yaro, gwada da rabin buhun gero. Nan za ka gane birki ba ya kamawa da wuri, nauyin yana turo ka. Kuma amalanken ya fi keken faɗi. Ni ranar farko darnin maƙwabcina na kwaso a kwana, har yau yana yi mini tsiya.

In ka shiga yashi, sauka ka tura. Kayan faci da famfo kada su bar jikinka saboda ƙayar aduwa. A kan kwalta kuwa, kafa doguwar sanda da jan ƙyalle, don direban babbar mota ba ya hango abin da ke ƙasa.