Yadda ake aika ɗanyen fure daga Legas zuwa ƙaramin gari ya isa a ranar

Yawancin furen ros da ake sayarwa a shagunan Ikoyi, Victoria Island da Lekki a jirgin sama yake zuwa, galibi daga Kenya da Habasha, kuma tun daga gona a cikin sanyi yake. Daga lokacin da aka fito da shi daga firij ya fara mutuwa. Don haka idan za ka aika wa amarya a Epe, ko mai jego a Badagry, ko gyatuma a Sabon Shagamu, babban aikinka shi ne rage awannin da furen zai yi a zafin hanya.

Fara da zaɓen shago bisa hanyar da kayan za su bi. Na Epe a nemi shago a Lekki ko Aja. Na Shagamu da Ota a nemi na Ikeja, Ikorodu kuma na wajen Maryland ko Ketu. Wanda ke Agege ya yi oda daga Ikoyi zuwa Shagamu ya ƙara wa furen gadar Third Mainland ba gaira ba dalili. Ka kira su da baki kafin ƙarfe 10 na safe, kada ka tsaya ga saƙon WhatsApp kawai. Idan rana ta take ba a tashi ba, gara a bari sai gobe. Juma'ar farkon wata ma a kiyaye hanyar Legas zuwa Ibadan, saboda manyan tarukan coci da ke cika ta daga yamma.

Tambayoyi uku ne ba a tsallake su: yaushe wannan furen ya iso shago, da me za a kai shi, kuma ƙarfe nawa zai tashi. Ka ce a ɗauko maka hoton ainihin ƙunshin da aka haɗa, domin hoton da ke shafinsu na talla ne. A ros, ka nemi wanda bai gama buɗewa ba, kansa da ɗan tauri idan an matsa. Wanda ya buɗe sarai ya fi kyau a hoto, amma kafin ya wuce Sangotedo a hanyar Epe ya fara zubar da kunnuwa. Kaneshan da kirisantimam sun fi ros jure wahala nesa ba kusa ba, kuma sun fi araha; ga tafiyar da ta haura awa biyu, su muke ba da shawara. Idan asibiti za a kai, a bar lili, ƙamshinsa yana damun mara lafiya.

Wajen ɗauri ne aka fi yin asara. Ƙunshin hannu da aka naɗe da takarda kawai ba shi da ruwan sha. Ka ce a naɗe gindin karan da auduga jiƙaƙƙiya a sa a leda a ɗaure, ko kuma a dasa furen a cikin koren soson nan mai riƙe ruwa a kwando ko kwali. Kwalin ya zama mai huji, ya tsaya a tsaye, kada a rufe kan furen da leda ruf, don gumi yana taruwa ya dafa shi. Akwatin bayan babur na ɗan aike yana yin zafi kamar tanda da rana, ga jijjiga, saboda haka babur na tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ne. Abin da ya fi haka, mota mai na'urar sanyi, a ajiye a ƙasan kujerar baya inda rana ba ta bugu. Ban da but ɗin mota. Masu ba direban tasha don rage kuɗi su sani motar sai ta cika take tashi, kuma a tasha zai sauke, sai an sami mai jira.

A ƙaramin gari lambar gida ba ta kai mutum ko'ina. Ka ba da sunan unguwa, da wata alama da kowa ya sani kamar masallacin Juma'a ko gidan mai, da lambar waya biyu. Idan bazata kake so ka yi, ka sanar da wani ɗan gidan, in ba haka ba ɗan aike zai tsaya a rana yana kiran wayar da ba a ɗauka. Kuɗin kaiwa a yi maganarsa daban tun farko, a rubuta lokacin isa a rasit, a kuma tura kuɗin a asusu mai sunan shagon.

Da ya isa, mai karɓa ta yanke santimita 2 zuwa 3 daga gindin kowane kara a karkace da wuƙa mai kaifi, ta cire ganyen da zai nutse, ta sa a ruwa mai tsabta. A lita 1 a zuba cokali 1 na sukari, cokali 2 na ruwan lemon tsami, da rabin ƙaramin cokali na bilic. Ros ɗin da wuyansa ya lanƙwashe iska ce ta shiga kara ta tare ruwa. Sabon yanka da tsoma shi a ruwa mai zurfi kan miƙar da shi cikin 'yan awanni. A riƙa canza ruwan duk kwana biyu, a nisanta shi da taga, da fanka, da kwandon ayaba ko mangwaro, domin iskar da nunannun 'ya'yan itace ke fitarwa tana sa fure tsufa da wuri.