Babi na 6: Gina Ɗakin Ajiya a Bayan Gida

Darasi na 1: Wuri da girman ɗaki

Ɗakin da za mu gina ƙarami ne, na ajiye buhunan hatsi, garma da fartanya, keke, da tarkacen da suka cika tsakar gida. Tsawonsa ƙafa 12, faɗinsa ƙafa 9. Ku rubuta lambobin nan biyu a littafinku yanzu: 12 da 9. Da gangan aka zaɓe su.

Ku nemi wuri mai ɗan tudu, inda ruwa ba ya kwanciya da damina. Kada a gina kusa da shadda ko a kan tsohuwar rijiya da aka cike, domin ƙasar wurin tana lotsawa, bango ya tsage. Ƙofa kada ta kalli gabas, ta can hadarin farkon damina ke tasowa da iska. Ruwan rufi kuma ya zuba cikin gidanku, ba gidan maƙwabci ba. Wanda ke zaman haya ya fara neman izinin mai gida.

Darasi na 2: Karanta tef ɗin awo

Ku jawo tef ku shimfiɗa shi. Yawancin tef layin lambobi biyu ne da shi, na inci da na santimita. Lambobin inci sun fi tazara a tsakaninsu, su za mu bi har ƙarshen babin nan. Kada a fara da wannan layi a ƙare da wancan.

Inci 12 shi ne ƙafa 1. Inci 24 ƙafa 2. Inci 36 ƙafa 3. Awo yana farawa daga ɗan ƙarfen da ke bakin tef, ba daga lamba 1 ba. Wanda ya fara daga 1 ya zubar da inci guda tun kafin ya soma. In ido bai saba ba, babu komai, ku auna ƙofar aji da benci sau da yawa, zai saba.

Darasi na 3: Daidaita kusurwa

A nan aka fi yin tuntuɓe, don haka za mu tafi a hankali. In kusurwa ta karkace, bango zai karkace, ƙofa ta ƙi rufuwa, kwanon rufi ya ƙi zama daidai da bango. Kuma ba za a gane ba sai siminti ya bushe.

Kayan aiki: tef, igiya siririya, turaku, ƙananan ƙusoshi, guduma, da mutum biyu.

1. Kafa turke na farko. Buga ƙusa a tsakiyar kansa. Daga ƙusar nan duk awo zai tashi.
2. Ɗaura igiya a ƙusar, ja ta inda dogon bango zai bi, kafa turke na biyu a ƙafa 12. Wannan igiya ta zauna, ba za a sake taɓa ta ba.
3. Ɗaura wata igiyar a ƙusar farko, ja ta inda gajeren bango zai bi. Kada a kafa turkenta tukuna, mutum ɗaya ya riƙe ta a miƙe.
4. A kan doguwar igiya, auna ƙafa 4 daga ƙusa, sa alama da biro.
5. A kan gajeriyar igiya, auna ƙafa 3 daga ƙusa, sa alama.
6. Auna tsakanin alamomin biyu. Dole ya zama ƙafa 5, wato inci 60.

In ya wuce 5, kusurwa ta buɗe da yawa, mai riƙe da igiya ya matso ciki. In bai kai 5 ba, ta tsuke, ya matsa waje. Gajeriyar igiya kaɗai ke motsi. Idan tef ya nuna 5 cif, a kafa turke na uku a ƙafa 9.

Mu sake. 3 a gajeriyar igiya. 4 a doguwar igiya. 5 a tsakani. Ku faɗa da baki: uku, huɗu, biyar. 3 da 4 duka daga ƙusar farko ake auna su, ba daga gefen turke ba. 5 kuwa daga alama zuwa alama ne, ba ya taɓa ƙusa. Wanda bai samu ba a karon farko kada ya karaya, kowane magini a haka ya fara. Ku tumɓuke turken ku sake.

Turke na huɗu yana inda ƙafa 12 daga turke na uku ta haɗu da ƙafa 9 daga turke na biyu. Yanzu sai gwaji: auna a gicciye daga kusurwa zuwa wadda ke kallonta. Ɗaki mai ƙafa 9 da 12, gicciyensa ƙafa 15 ne, domin 9, 12, 15 su ne 3, 4, 5 sau uku. Auna ɗaya gicciyen ma. Duka biyun 15.

Abin da ke ɓata rai shi ne a ga 14 da inci 10 a ce "ai kusan ɗaya ne". Ba ɗaya ba ne. Inci 2 ɗin nan da kuka raina za ku tarar da shi a rufi, lokacin da gyara ya zama rushewa. Wasu kuma sai su bar igiya ta yi sako-sako, ko tef ya lanƙwashe, su ce lissafi ne bai yi ba. Lissafi lafiyarsa lau, ku ja igiya ta miƙe. Kuma don Allah a daina daidaita kusurwa da ido. Sau nawa za a faɗa? 3, 4, 5, sannan gicciye biyu, 15 da 15. Wanda bai samu wannan ba kada ya ɗauki diga.

Darasi na 4: Harsashi

Igiyar ita ce bayan bango. Kafin haƙa, ku ƙara wa kowace igiya tsawo zuwa sabon turke, ƙafa 3 a waje, don kada alamar ta ɓace cikin rami. Faɗin rami inci 18, inci 4 a wajen igiya, 14 a ciki. Zurfi ƙafa 2, ko har a taɓa ƙasa mai tauri.

Kankare: siminti buhu 1, yashi kwanon sarki 6, tsakuwa kwanon sarki 12. A zuba kaurin inci 6, a yi masa ban ruwa, a bar shi kwana 2. Sannan a mayar da igiya, a sake auna gicciye, 15 da 15, kafin a ɗora bulo ko ɗaya. A jera sahu 3 na bulo mai inci 9, a cika ramukansa da kankare. A cike cikin ɗaki da jar ƙasa, a daddage ta, a shimfiɗa leda mai kauri saboda danshi, a zuba daɓen kankare inci 4. Daɓen ya fi tsakar gida tudu da aƙalla inci 6.

Za a buƙaci kimanin bulo 80 mai inci 9, bulo 260 mai inci 6 na bango, da siminti buhu 16, ban da filasta.

Darasi na 5: Bango

Kwaɓin ɗora bulo: siminti buhu 1, yashi kwanon sarki 12. A fara da kusurwoyi, a ja igiya a tsakaninsu a kowane sahu. Gaɓar bulon sama ta faɗa a tsakiyar bulon ƙasa. Bangon gaba sahu 11, na baya sahu 9. Faɗin ƙofa ƙafa 3, a yi mata linta, wato kankaren da ake zubawa a saman ƙofa, da rodi bayan sahu 8. A bar ƙananan kafofin iska biyu a sama, a toshe su da raga saboda ɓera.

Darasi na 6: Rufi

A shafa wa katako maganin gara ko baƙin mai. A ɗaure shi da waya mai kauri da aka binne sahu 2 a cikin bango, in ba haka ba iska ta yaye rufin. Falle 14 na kwano mai ƙafa 6 zai isa. A fara jerawa daga ƙasa, na sama ya hau na ƙasa da inci 6. Ƙusa mai hula a tudun kwano ake buga ta, ba a kwarinsa ba.

Aikin gida: kowa ya kafa turaku huɗu a fili, ƙafa 9 da 12, ya rubuta awon gicciye biyu a littafinsa, ya kawo mako mai zuwa.