Riƙon yaron da ya ga tashin hankali: kurakuran da muke yi da kyakkyawar niyya

Tun daga 2013 da aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawao kusa da Mokolo a arewacin Kamaru, da shekarun da suka biyo baya lokacin da hare-haren Boko Haram suka tsananta a Kolofata, Amchide da Fotokol, gidaje da yawa a Marwa, Mora da Kusiri sun ƙaru da yaran da ba a cikinsu aka haife su ba. Rikicin yankin Logone-Birni a 2021 ya sake kora dubban iyalai ƙetaren kogi zuwa Chadi. Gwaggo ta ɗauki ɗan ƙanenta, kaka ta tattara jikoki, maƙwabci ya riƙe marayan abokinsa. Allah ya saka musu. Sai dai bayan 'yan watanni ƙorafi kan fara: yaron ba ya ji, yana sata, yana fitsarin kwance, ba shi da godiya.

Yawancin abin da muke kira rashin ji a wurin irin wannan yaro, tsoro ne. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Jikin da ya daɗe cikin fargaba yakan zauna cikin shirin gudu ko faɗa ko sandarewa, zuciya na bugu, barci ba nauyi. Ƙarar babur da dare ko tsawar babba ta isa ta mayar da yaro ranar da aka shigo garinsu. A wannan lokaci ba ya jin nasiha, domin tsoro ya riga tunani isa.

Shi ya sa bulala ce kuskuren farko. Za ta sa shi shiru, amma darasin da ya ɗauka shi ne nan ma babu aminci. Ke mai riƙo, ki rage murya, ki durƙusa daidai tsawonsa, ki jira numfashinsa ya daidaita. Maganar laifi ta biyo baya, ko da sai bayan sallar isha'i.

Fitsarin kwance ya fi komai jawo wa waɗannan yara wulaƙanci. Yaro mai shekara 8 da ya daɗe da dainawa zai iya komawa yi bayan ya firgita, kuma ba da saninsa yake yi ba. A shanya tabarmarsa a tsakar gida, a tara yara su yi masa waƙar amalala, wannan ƙara masa fargabar dare ne kawai, fitsarin kuma ya ƙaru. A shimfiɗa leda ƙarƙashin tabarma, a raka shi bayan gida kafin ya kwanta, a ajiye masa tocila kusa da kai, don wani tsoron duhu ne ke hana shi fita. Da safe a wanke ba tare da sanarwa ba. Kada a hana shi ruwa da rana, balle a zafin Maris da Afrilu. In yana kukan zafi wajen fitsari ko an ga jini, a kai shi asibiti. Tsargiya ba baƙuwa ba ce ga yaran da ke wanka a Logone ko tafkin Maga.

Haka batun abinci. Za a tarar da gutsuren tuwo ko ƙosai a ɓoye cikin kayansa, har ya yi tsami, sai a ce ɓarawo. Wanda ya kwana a daji da yunwa cikinsa bai yarda gobe akwai ba. Ki ware masa kwanonsa, a ci abinci a lokutan da ya sani, ki bar masa 'yar gyaɗa ko dabino a aljihu ki ce, "Wannan naka ne, ɗana, ba mai karɓewa." Ɓoyon yakan ragu da kansa in ya ga tukunya ba ta fashi.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne gori da barazana. "Ba don ni ba da kana ina?" "In ka sake, zan mayar da kai inda ka fito." Babba na faɗa cikin fushi ya manta, yaron kuwa ya riƙe. Shi abin da yake tsoro ke nan tun farko, a sake barinsa. Wani ma da gangan yake tsananta fitina ga wadda ta fi kula da shi, yana gwada ko ita ma za ta tafi. Daga nan dangi su ce a gwada gidan kawu, in bai yi ba a kai shi wurin malam. Kowane sauyin hannu sabon rabuwa ne. Likitan ƙwaƙwalwa na Ingila John Bowlby ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a 1951 cewa ƙaramin yaro na bukatar shaƙuwa mai ɗorewa da uwa ko wadda ta tsaya a matsayinta. Binciken da aka yi kan yaran gidajen marayu na Romaniya bayan 1989 ya ƙarfafa hakan, ya kuma nuna waɗanda aka mayar cikin iyali da wuri sun fi farfaɗowa. Saboda haka dangi su zauna tun farko su tsayar da gida ɗaya, sauran su taimaka da hatsi, kuɗin lakol da sutura. Mai riƙo kuma ta yawaita faɗa, musamman ranar da ya yi laifi: "Abin da ka yi ba daidai ba ne, amma nan gidanku ne, ba inda za ka." In za ta kasuwa ta gaya masa, ta faɗi lokacin dawowa, ta cika. Sulalewa yana barci tana rusa amincin da aka yi wata ana ginawa.

Mukan yabi yaron da ba shi da ƙiwa, mai bin kowa, mai hawa cinyar baƙo. A jariri, ƙiwa alama ce ta ya san nasa. Wanda zai bi kowane mutum a tasha bai waiwayo ba yana bukatar a sa masa ido, a kuma bar ciyarwa, wanka da lallashi a hannun mutum ɗaya ko biyu har ya gane su waye nasa. A lura kuma da yarinyar da ake cewa ba ruwanta, ga aiki ga shiru. Sau da yawa ita ce ba wanda ya tambaya.

Wajen magana kan abin da ya faru, kuskure biyu ne ke fuskantar juna. Wasu su ce "yi haƙuri, ya wuce, kar in ƙara ji", wasu kuma su sa shi maimaita labarin ga duk baƙon da ya zo jaje. Duka biyun cutarwa ne. In ya ɗauko zancen, a saurara, ko a wasan ƙasa ko zane ya fito da shi. Kada a ce masa "Babanka ya yi tafiya" alhali ya rasu. Zai yi ta zaman ƙofa, ranar da ya ji gaskiya kuma ya daina yarda da ku. A faɗa masa daidai hankalinsa, a tabbatar masa ba laifinsa ba ne, a koya masa yi wa mahaifinsa addu'a.

Akwai masu zamewa ɗaya ɓangaren: maraya ne, a ƙyale shi. Suratud Duha ta hana a ƙuntata wa maraya, ba ta ce a bar shi ba tarbiyya ba. Gidan da ba doka shi ma abin tsoro ne ga yaro, ga kuma 'ya'yan gida da za su fara jin haushinsa. Tausayi shi ne ki gane abin da ke ransa, ki faɗa, sannan ki tsaya kan dokar: "Na ga ranka ya ɓaci da aka ɗauki ƙwallonka. Amma duka babu a gidan nan. Zo zauna kusa da ni." Zama kusa da ke ya fi kulle shi a ɗaki shi kaɗai.

In yana firgita cikin barci yana ihu, a tofa masa addu'a, a rungume shi in ya yarda, amma kada a tsaya kan cewa iska ce. Idan watanni sun wuce abin bai ragu ba, ko ya daina magana, ko yana ji wa kansa ciwo, ko yana zancen mutuwa, a kai shi asibiti ko a nemi ma'aikatan jin daɗin jama'a na gunduma su haɗa ku da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Mai riƙon da ita ma ta tsere daga harin nan, ko ta binne nata, ta faɗa wa likitan halin da take ciki a wannan zuwan.